Maigidana Ya Bi Wani Annabi Mai Cewa Fyaucewa Ta Kusa, Yana Shirin Sayar Da Gonarmu

Baba Fasto, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, kuma ni da maigidana a ikkilisiya ɗaya muka tashi, a can aka yi mana baftisma, a can aka ɗaura mana aure. Bayan rasuwar mahaifiyarsa bara, wani abokin aikinsa ya kai shi addu'ar dare wurin wani mutum da ake kira Annabi. A daren farko mutumin ya kira shi daga cikin taro, ya faɗi sunan marigayiyar, ya kuma ambaci rikicin gado da ke tsakaninsa da 'yan'uwansa. Tun daga ranar ya daina zuwa sujada tare da mu. Yanzu Annabin ya ce an nuna masa fyaucewa, wato ɗauke masu bi zuwa sama, za ta faru kafin Kirsimeti mai zuwa, ya ce lambar NIN da ta BVN su ne alamar dabbar nan ta littafin Ru'ya ta Yohanna, ya ce duk ikkilisiyoyin da muka sani sun riga sun fāɗi. Maigidana ya bar shan maganin hawan jini, sai man zaitun da yake saya a wurinsu yake lasa safe da yamma. Yana neman mai sayen gonarmu don ya kai kuɗin abin da suke kira girbin ƙarshe, ya kuma ce yara ba za su koma makaranta zango mai zuwa ba. Da na yi magana, sai ya ce an rubuta kada a taɓa shafaffe na Ubangiji, kuma ina dab da yi wa Ruhu Mai Tsarki saɓo. Baba, tsoro ya hana ni barci. Idan mutumin nan na Allah ne fa, ni ce nake tsayayya da shi? Yaya zan yi da biyayyar da Littafi Mai Tsarki ya ce in yi wa mijina?

'Yata, alheri da salama su tabbata a gare ki da gidanki, kuma ina yi muku gaisuwar rashin surukarki, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Na karanta wasiƙarki da nauyin zuciya, domin na ga abubuwa biyu suna jan ki a lokaci guda, wato ƙaunar maigidanki da tsoron Allah, kuma an sa ki kina jin kamar dole ki saki ɗaya kafin ki riƙe ɗayan. Zan fara da abin da ya hana ki barci. Gwada mutumin da ya ce Allah ne ya aiko shi umarni ne da aka ba kowane mai bi, mace ko namiji, mai karatu ko marar karatu, kuma babu wurin da aka fi jaddada wannan umarni kamar a cikin koyarwar kwanakin ƙarshe, wadda ita ce ake tsorata ki da ita.

Ki buɗe Matiyu sura 24 ki karanta a hankali. Almajirai sun sami Yesu a kan Dutsen Zaitun suka tambaye shi alamar zuwansa da ta ƙarshen zamani, kuma kafin ya ambaci yaƙi ko yunwa ko girgizar ƙasa, abin da ya fara gaya musu shi ne su yi hankali kada kowa ya ɓad da su. Ya koma kan wannan magana a aya ta 11, inda ya ce annabawan ƙarya da yawa za su taso, sannan daga aya ta 23 zuwa ta 27 ya ƙara da abin da ya fi tayar da hankali, cewa za su nuna manyan alamu da al'ajibai, har su ɓad da zaɓaɓɓu in da zai yiwu. Ya ce idan aka ce muku yana jeji kada ku fita, idan aka ce yana can cikin ɗaki kada ku gaskata, domin zuwansa zai zama kamar walƙiya da ke haskawa daga gabas har yamma. Ma'anar wannan a fili take: komowar Almasihu ba za ta zama asirin da aka raɗa wa mutum ɗaya a wani lungu ba, har sauran masu bi na duniya su dogara ga bakinsa kafin su sani. Yesu da kansa ya lissafa masu cewa su kaɗai ne suka san ta a cikin alamun da za a guje wa.

Abin da ke sa wannan ruɗi ya kama mutanen kirki irin maigidanki shi ne cewa yana zuwa da kamannin gaskiya. A cikin Ru'ya ta Yohanna sura 13, dabba ta biyu da ta fito daga ƙasa tana da ƙaho biyu kamar na ɗan rago, amma maganarta ta macijin nan ce, kuma tana sa wuta ta sauko daga sama a gaban mutane, wato tana kwaikwayon abin da Allah ya yi ta hannun Iliya a Dutsen Karmel. Manzo Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa Shaiɗan da kansa yakan rikiɗa ya zama kamar mala'ikan haske, don haka ba abin mamaki ba ne bayinsa su yi shigar masu hidimar adalci. Ya kuma gaya wa Tasalonikawa cewa mutumin zunubi zai zo da iko da alamu da al'ajiban ƙarya, zai zauna a cikin haikalin Allah. Tun a Masar ma, masu sihirin Fir'auna sun jefa sandunansu suka zama macizai, sun mai da ruwa jini, sun fito da kwaɗi, sai a annoba ta uku suka kasa. Ke da kike noma kin san jabun taki: buhun iri ɗaya ne da na gaske, rubutun iri ɗaya, mai sayarwa har rantsuwa yake yi, amma masara ce take tona asirinsa idan ta tashi yin goyo. Shi ya sa a Matiyu sura 7 Yesu ya ce da 'ya'yansu za a san su, ya kuma ce a rana ta ƙarshe mutane da yawa za su ce sun yi annabci da sunansa, sun fitar da aljanu da sunansa, shi kuwa zai ce bai taɓa saninsu ba.

Na san abin da ya fi kama zuciyar maigidanki shi ne sunan mahaifiyarsa da aka faɗa a gaban jama'a. Ki lura da cewa abokin aikinsa ne ya kai shi, kuma abokin aiki ya san rasuwar, mai yiwuwa ya je jana'izar ya karɓi takardar tsarin sujada mai ɗauke da hoton marigayiyar da cikakken sunanta, kuma rikicin gado ba ya ɓoyuwa a wurin aiki. Ba na cewa lalle haka aka yi, domin ban kasance a wurin ba, amma an sha kama masu wannan dabara. A Amurka, a shekarar 1986, an tona asirin wani mai wa'azi mai suna Peter Popoff, wanda yake kiran sunayen mutane da cututtukansu da adireshin gidajensu a tsakiyar taro, ashe matarsa ce take karanta masa bayanan ta wata 'yar na'ura da ke cikin kunnensa, daga katunan roƙon addu'a da mutane suka cike da hannunsu a bakin ƙofa. Ko da ma a ce babu wata dabarar ɗan Adam a ciki, Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu ba. Baiwar nan mai ruhun duba da ta riƙa bin Bulus da Sila a Filibi gaskiya take faɗa, tana cewa su bayin Allah Maɗaukaki ne, amma Bulus ya fitar da ruhun daga cikinta. A Kubawar Shari'a sura 13 kuwa an ce ko da alamar da annabi ya faɗa ta cika, idan yana janye mutane daga bin Ubangiji, kada a saurare shi. Sanin asirin mutum bai isa ya zama shaidar cewa Allah ne ya yi aike ba.

Maganar ranar fyaucewa kuwa ba ta buƙatar dogon bincike. Yesu ya ce wannan rana da wannan sa'a ba wanda ya sani, ko mala'ikun sama, ko Ɗan, sai Uban kaɗai, kuma bayan tashinsa daga matattu ya gaya wa manzanni cewa sanin lokatai da zamanai ba nasu ba ne. Duk da haka an yi ta sa rana. Mabiyan William Miller a Amurka sun jira ranar 22 ga Oktoba 1844, gari ya waye musu kamar kullum. Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011, da ta wuce ya mayar 21 ga Oktoba, daga baya ya amsa cewa ya yi kuskure, amma waɗanda suka bar aiki suka kashe ajiyarsu a kan maganarsa ba a mayar musu da komai ba. Wanda na fi so ki karanta wa kanki shi ne labarin Hananiya a Irmiya sura 28, domin ya nuna yadda abin yake daga kusa. Hananiya ya tsaya a cikin Haikali, a gaban firistoci da jama'a, ya yi magana da sunan Ubangiji Mai Runduna, ya sa wa'adin shekara biyu cewa za a komo da kayan Haikali daga Babila, har ya cire karkiyar itace daga wuyan Irmiya ya karya ta a gaban kowa. Duk wanda ya tsaya a wurin ran nan zai ce Hananiya ne mai iko, domin shi ne mai ƙarfin murya da abin nunawa, Irmiya kuwa kama hanyarsa ya yi ya tafi. Hukuncin da Allah ya aiko daga baya shi ne cewa bai aiki Hananiya ba, ya sa jama'a sun dogara ga ƙarya. A wata na biyar ya yi annabcin, a wata na bakwai ya mutu, kuma bayan 'yan shekaru Urushalima ta fāɗi a hannun Babila kamar yadda Irmiya ya faɗa.

Yanzu ga ayar da aka rufe miki baki da ita. Maganar kada a taɓa shafaffu tana cikin Zabura 105, kuma idan kika karanta ayoyin da ke gabanta za ki ga ana maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ne lokacin da suke 'yan kaɗan, baƙi masu yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, Allah yana tsawata wa sarakuna kada su cuce su. Kariya ce ga marasa ƙarfi daga hannun masu iko, ba a rubuta ta don mai iko ya hana a yi masa tambaya ba. Dauda, wanda ya ƙi miƙa hannu ya kashe Saul domin shafaffe ne, ya tsaya a bakin kogo ya gaya wa Saul laifinsa a fili. Natan ya tsawata wa Dauda, Bulus ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya. Mutanen Biriya sun saurari Bulus da kansa, sannan suka koma suna bincika Littattafai kowace rana su ga ko abin da ya faɗa haka yake, kuma Luka ya yaba musu a kan haka. A cikin Ru'ya ta Yohanna sura 2, Ubangiji ya yaba wa ikkilisiyar Afisa domin ta gwada masu kiran kansu manzanni ta same su maƙaryata. Idan manzon da ya ga Almasihu a hanyar Dimashƙu bai ji haushin a bincika maganarsa ba, ban ga dalilin da zai sa wani a zamaninmu ya fi ƙarfin bincike ba.

Saɓon Ruhu Mai Tsarki kuma, wanda aka ambata a Markus sura 3, ya fito ne a kan malaman Attaura da suka ga Yesu yana 'yantar da mutane da idonsu, suka taurare zuciya da gangan suka ce da ikon Ba'alzabul yake yi. Ke kuwa kina kuka ne kina neman sanin nufin Allah. Ruhun da ake cewa kina saɓa masa shi ne ya sa aka rubuta a 1 Yohanna 4 cewa kada a gaskata kowane ruhu, a gwada ruhohi, kuma a 1 Tasalonikawa 5, wurin da aka ce kada a raina annabci, nan take aka ce a gwada kome a riƙe mai kyau. Ki kwantar da hankalinki a kan wannan, 'yata.

Batun gona shi ne wurin da 'ya'yan itacen suka fi bayyana. Elisha ya ƙi karɓar ko ƙwandala daga Na'aman bayan warkarwa, Gehazi baran Elisha da ya bi Na'aman a baya ya karɓa kuwa kuturta ya samu. Da Siman mai sihiri ya kawo kuɗi don ya sayi ikon Ruhu, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi. Masu bi na farko sun san wannan matsala sosai, har a cikin wani tsohon littafin koyarwarsu da ake kira Didake aka rubuta cewa manzon da ya zo ya nemi kuɗi annabin ƙarya ne. Yesu da kansa, a Markus sura 7, ya tsawata wa masu koya wa mutane su ce dukiyarsu keɓaɓɓiya ce ga Allah don su kauce wa kula da iyayensu, Bulus kuma ya ce wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya musunci bangaskiya. A Tasalonika wasu sun ruɗe da cewa ranar Ubangiji ta riga ta zo, wasu kuma suna zaman banza, sai Bulus ya umarce su su natsu su yi aiki su ci abincin guminsu. Akwai kuma tambaya mai sauƙi da ya kamata maigidanki ya yi wa kansa: idan fyaucewa kafin Kirsimeti ce, me mutumin zai yi da kuɗin gona? A Koriya ta Kudu, Lee Jang Rim ya sa ranar 28 ga Oktoba 1992, mabiyansa suka sayar da gidaje suka kawo masa, sai bincike ya nuna ya zuba kuɗi a takardun jari da ba za su nuna ba sai a shekara ta gaba, kotu kuma ta ɗaure shi a kan zamba. Ki duba ko Annabin naku ya sayar da motarsa, ko ya cire nasa 'ya'yan daga makaranta, kuma ki tambaya ta wace hanya yake karɓar baikon da ake tura masa ta waya idan shi ba shi da BVN.

A kan NIN da BVN ba zan daɗe ba. Alamar da ke cikin Ru'ya ta Yohanna 13 da 14 a haɗe take da yi wa dabbar sujada, wato mutum ya juya wa Almasihu baya da saninsa ya ba wani mubaya'ar da ta Allah ce kaɗai. Ba a karɓarta cikin kuskure a layin banki. Yusufu da Maryamu sun tafi Baitalami ne don a rubuta su a ƙidayar Kaisar Augustas, kuma a cikin wannan tafiya aka haifi Mai Ceto.

Dole in gaya miki abin da ya sa na ɗauki wasiƙarki da gaggawa, ko da yake ba na so in ƙara miki tsoro. Abubuwan da kika lissafa, wato raba mutum da ikkilisiyarsa da danginsa, sa rana, sayar da dukiya, hana magani, cire yara daga makaranta, sun taɓa jeruwa haka a wasu wurare. A Kanungu ta ƙasar Uganda, wata ƙungiya ta ce duniya za ta tashi a ƙarshen 1999, mabiya suka sayar da abin da suka mallaka, da ranar ta wuce wasu suka fara neman a mayar musu, sai a ranar 17 ga Maris 2000 aka ƙone ɗaruruwa a cikin ɗakin sujada, kuma da aka haɗa da gawarwakin da aka tono a wasu gidajen ƙungiyar, mamatan sun haura 700. A dajin Shakahola na Kenya, tun daga Afrilun 2023 an tono gawarwaki fiye da 400, da yawa yara ne, na mabiyan Paul Mackenzie, wanda ya yi wa'azin ƙin makaranta da asibiti, ake kuma tuhumarsa da sa mutane azumi har mutuwa don su sadu da Yesu, tuhumar da ya musanta a kotu. A nan Najeriya, a watan Yulin 2022, 'yan sanda sun fito da mutane 77, ciki har da yara, daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wata majami'a a garin Ondo, inda suke jiran fyaucewar da aka ce musu za ta zo a Afrilu, sannan aka ɗaga zuwa Satumba. Ban ce mutumin da maigidanki yake bi zai kai nan ba, kuma yawancinsu a kan kuɗi suke tsayawa. Amma waɗanda suka mutu a wuraren nan masu neman Allah ne da gaske, kuma babu wanda aka gaya masa ƙarshen tafiyar a ranar da ya fara ta.

Kada ki ɗauki maigidanki wawa ko mugu. Mutum ne da mutuwa ta girgiza, ga rikici da 'yan'uwa a lokacin da ya fi buƙatarsu, sai ya sami wurin da aka kira shi da suna aka nuna an san ciwonsa. A nan ina ganin mu shugabannin ikkilisiya muna da abin dubawa, domin sau da yawa mukan cika gidan makoki kwana uku, a yi waƙoƙi a ci abinci a watse, sannan ba mai sake taka ƙofar gidan sai an zo karɓar alkawarin gini. Mun kuma yi sakaci da koyar da Daniyel da Ru'ya ta Yohanna a kan bagade, muka bar su ga masu tsorata mutane. Wanda zai komo da maigidanki sai ya fara da ciwon da ya fitar da shi.

Game da biyayya, Afisawa sura 5 ta ce mace ta yi biyayya ga mijinta kamar ga Ubangiji, kuma ina ƙarfafa ki ki ci gaba da girmama shi a magana da hidima, kada ki kunyata shi a gaban yara ko maƙwabta. Sai dai wannan biyayya ba ta kai ga sa hannu a abin da zai hallaka shi da 'ya'yansa ba. A Ayyukan Manzanni sura 5, Safiratu ta goyi bayan mijinta, wani Hananiya dabam, a kan kuɗin fili, kuma Bitrus ya tambaye ta ita kaɗai, ta ɗauki nata hukunci. Abigel kuwa, da ta ga Nabal ya jawo wa gidansa masifa, ta tashi ta yi abin da ya ceci rayuka, Dauda kuma ya yabi hankalinta. Saboda haka idan aka kawo miki takardar cinikin gona ki sa hannu ko ki tsaya shaida, ki ƙi cikin ladabi, ki gaya masa dalilinki sau ɗaya ba tare da faɗa ba.

Abin da ya fi gaggawa shi ne maganin. Hawan jini yakan yi ɓarna ba tare da mutum ya ji komai ba, don haka jin daɗin jiki da maigidanki yake yi ba shaidar warkewa ba ce, kuma barin magani yana iya kawo shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya ko na ƙoda. Kada ki yi masa gardama a kan ko Allah yana warkarwa, domin yana warkarwa, ke ma kin gaskata. Ki tuna masa cewa da Yesu ya warkar da kutare ya aike su su nuna kansu ga firistoci, waɗanda su ne masu duba cutar a wancan zamani, kuma Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita. Ki roƙe shi ku je tare a auna jinin a asibiti ko a kemis, a ranaku dabam-dabam, a rubuta abin da na'urar ta nuna. Idan ya warke, sai ku ba da shaida da takarda a hannu. Idan awon yana kai 140 bisa 90 ko fiye, to ya gani da idonsa, ba ke kika faɗa ba. Kada ki zuba masa magani a abinci a ɓoye, domin ran da ya gane, amincin da ya rage tsakaninku zai tafi. Idan kuwa kika ga bakinsa ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ɗaya ya saki, ki nemi mota ku tafi asibiti nan take, kada ki jira izinin kowa.

Gonar kuma, idan har maganar gadon nan ta shafe ta, ba ta mutum ɗaya ba ce da za a sayar a ɓoye. Ki je wurin babban wansa ko kawunsa da yake jin nauyinsa, ki gaya masa halin da ake ciki da nufin a taimaki ɗan'uwansu, ki roƙe su kada su mai da abin wata dama ta ci gaba da rikicinsu. Idan ya zama dole, a sanar da mai unguwa ko dagaci cewa akwai magana a kan filin, domin masu saye sukan ja da baya idan suka ji haka. Ki adana takardun gonar da takardun haihuwar yara da sakamakon makarantarsu a wurin da kika amince. Yara su koma makaranta. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye karatun 'ya'yansu na shekara tara na farko, kuma idan ya hana kuɗin, ki nemi taimakon zumuntar mata da dattawan ikkilisiya ba tare da jin kunya ba. Kada ki yarda a kai yaran kwana a wurin Annabin, ko a sa su azumi, ko a tafi da su wani sansani ko dutse don jiran ranar. Idan aka fara wannan magana, ko aka yi miki barazana ko duka, lokacin lallashi ya wuce, sai ki kwashe su zuwa gidan iyayenki ki sanar da fastonku da 'yan sanda a ranar.

A cikin gida kuwa, ki rage kiran mutumin maƙaryaci a gabansa, domin an riga an gaya musu cewa na gida ne za su fara tsananta musu, kuma duk zagin da kika yi zai zama masa cikar annabci. Tambaya ta fi gardama aiki a irin wannan hali. Ki roƙe shi, a matsayinsa na shugaban gida, ya karanta muku Matiyu 24 gaba ɗaya a addu'ar safe, ba aya ɗaya ba, ki bar Maganar ta yi aikinta. Ki nemi fastonku ko wani dattijo da maigidanki yake ƙauna tun yana saurayi ya riƙa zuwa gaishe shi, ya zauna ya yi masa maganar mahaifiyarsa, ba tare da ya zo da takardar horo ba. Galatiyawa 6 ta ce a komo da irin wannan da ruhun tawali'u. Ki kuma roƙe shi alkawari ɗaya tun yanzu, a gaban wannan dattijo: a dakatar da cinikin gona har Kirsimeti ta wuce, kuma idan ta wuce ba abin da ya faru, zai zauna a duba Kubawar Shari'a 18:22 tare, inda aka ce maganar da annabi ya faɗa da sunan Ubangiji ba ta cika ba, ba Ubangiji ne ya faɗe ta ba, kada a ji tsoronsa. Ki sa ran za a ɗaga ranar, a ce addu'ar mabiya ce ta sa Allah ya ƙara lokaci, ko a ce abin ya faru a ruhaniya, don haka yana da kyau a yi alkawarin kafin uzurin ya zo. Ran da abin ya fashe, kunya za ta yi masa nauyi ƙwarai, kuma ko zai komo ko zai ƙara nutsewa ya dogara sosai ga irin fuskar da zai tarar a gida da ikkilisiya, saboda haka ki hana kanki da yara da dangi yi masa gori.

Ke ma kada ki ɗauki wannan kaya ke kaɗai. Ki sami mata biyu masu riƙon asiri a zumunta da za ku riƙa addu'a tare, ki ci abinci, ki ci gaba da zuwa sujada da yaranki. Ina yi muku addu'a, kuma ina roƙonki ki sake rubuto mini bayan an auna jinin da kuma bayan kin gana da wansa, domin abin da za a yi a gaba ya dogara ga yadda waɗannan biyun suka kasance.